Gwanintar Masu Kunna Filin Jirgin Sama da Hasken Rana

Filin jirgin sama yana cikin wuraren da ba a yarda wuta ta ɗauke musu ba, ko da na ƙiftawar ido ne. Fitilun titin sauka, na'urar hango jirage, rediyon da ake magana da matuƙa, injinan binciken kaya, bel ɗin da ke jan akwatuna, ɗakunan sanyi na ajiye kifi da magunguna, na'urorin sanyaya zauren fasinjoji, duk suna jan wuta dare da rana. Ƙa'idar Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ta ce idan wutar fitilun titin jirgi ta yanke, dole wata ta maye gurbinta cikin daƙiƙa 15, a wasu filayen ma cikin daƙiƙa 1. To, mutumin da ya ce zai ɗora irin wannan wuri a kan rana, wadda take faɗuwa kowace magariba, girgije kuma ya rufe ta ba sallama, ya ɗauko aiki babba. Injiniyoyin filin jirgin saman Kochi, a jihar Kerala da ke kudancin Indiya, sun ɗauki wannan aiki, kuma sun kai shi gaci. A ranar 18 ga Agusta 2015 Babban Ministan jihar na lokacin, Oommen Chandy, ya buɗe gonar sola mai ƙarfin megawat 12 a gefen sashen dakon kaya: farantai 46,150 a shimfiɗe a kan eka 45. Daga ranar nan filin ya zama na farko a duniya da wutar da yake samu daga rana ta kai wadda yake ci, har ta ɗara.

Kafin a zo kan gwanintar ya kamata a san masu wurin, domin tun daga nan hannun gwamnati ya shiga. A farkon shekarun 1990 filin da jiragen fasinja ke sauka a Kochi na sojojin ruwa ne, ƙarami, ba ya ɗaukar manyan jirage, gwamnatin tarayya kuma ba ta da kuɗin gina sabo. Wani jami'in mulki mai suna V. J. Kurian, wanda yake riƙe da gundumar Ernakulam a lokacin, ya kawo shawarar a tara kuɗin daga hannun jama'a, musamman 'yan Kerala masu ci-rani a ƙasashen Larabawa, tun da su suka fi kowa buƙatar jirgin da zai sauke su kusa da gida. Babban Minista K. Karunakaran ya tsaya masa. Aka kafa kamfanin CIAL a 1994, aka buɗe filin a garin Nedumbassery a watan Mayu 1999, wanda shi ne na farko a Indiya da gwamnati da masu zaman kansu suka haɗa jari suka gina. Mutane dubbai daga ƙasashe kusan 30 suna da hannun jari a ciki. Gwamnatin Kerala ce ke da kaso mafi tsoka, kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma Babban Ministan jihar ne shugaban hukumar gudanarwa. Wannan tsari ya haifar da hali biyu a wuri ɗaya. Akwai masu jari da ke jiran ribarsu kowace shekara, saboda haka kowane rupi sai an bi sawunsa. Akwai kuma gwamnati a cikin gida, mai iya buɗe ƙofofin da ɗan kasuwa shi kaɗai zai daɗe yana ƙwanƙwasawa.

Abin da ya fara tura su ga rana shi ne takardar kuɗin wuta. Farashin lantarki ya tashi sosai a jihar, filin kuma yana cin kimanin yunit 48,000 a kowace rana. Ba su yi wa abin hawan ƙawara ba. A 2013 suka kafa ɗan ƙaramin gwaji mai kilowat 100 a rufin zauren masu isowa, suka zauna suna karanta mita. Nawa yake bayarwa a watan da sama take tas? Nawa yake bayarwa a tsakiyar damina, a garin da ruwan shekara ke kai kusan milimita 3,000? Da suka gamsu suka ƙara megawat 1, wani a rufi wani a ƙasa, suka sake zama suna karantawa. Sai da lissafin ya nuna kuɗin zai dawo cikin shekara 5 zuwa 6 sannan suka ba kamfanin Bosch kwangilar babbar gonar, a kan kimanin rupi miliyan 620. Ni a ganina wannan haƙurin shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Wurare da yawa an ƙaddamar da sola da kiɗa da jawabai, bayan shekara biyu ciyawa ta cinye farantan, saboda ba wanda ya taɓa zama ya koyi halin wurin kafin a zuba kuɗi.

Wanda ya duba da kyau zai ga filin jirgi ya dace da sola fiye da yawancin wurare. Doka ta tilasta a bar masa sarari mai faɗi a kewaye saboda tsaro da ƙarar injina. Ba a yarda a gina dogon bene ko a bar doguwar bishiya kusa da shi ba, don haka ba abin da zai yi wa faranti inuwa. Ga katanga, ga masu gadi dare da rana, ɓarawon waya ba shi da hanyar shiga. Ƙasa ce da aka riga aka biya kuɗinta, tana kwance ba ta kawo ko sisi.

Sai dai filin jirgi yana da wata matsala da gonar sola ta cikin daji ba ta da ita, kuma a nan gwanintar ta fi bayyana. Faranti gilashi ne, gilashi kuma yana mayar da haske. Idan rana tana tsaka tana dukan faranti kai tsaye, abin da yake mayarwa kaɗan ne ƙwarai, domin an shafa masa sinadarin da ke sa ya shanye hasken. Amma da hantsi ko da la'asar sakaliya, lokacin da hasken ke zuwa a kaikaice, gilashin kan wurga ƙyalli mai kashe ido. Idan ƙyallin nan ya faɗa tagar hasumiyar masu ba jirage umarni, ko idon matuƙin da ya rage masa 'yan daƙiƙoƙi ya taɓa ƙasa da mutum 300 a bayansa, magana ta zama ta rai da mutuwa. Saboda haka kafin a kafa ƙarfe ko ɗaya, masu wannan sana'a sukan zauna da kwamfuta su bi rana minti bayan minti, tun daga 1 ga Janairu har 31 ga Disamba. A kowane minti su tambaya: ina rana take a sama, ta wace kusurwa haskenta zai doki farantin, ina zai nufa in ya tashi, wa ke tsaye a hanyarsa? Wurin fitowar rana yana matsawa kudu da arewa cikin shekara, don haka farantin da ba ya damun kowa a watan Yuni zai iya makantar da hasumiya a watan Disamba. Idan lissafi ya nuna haka, sai a ɗan karkata layin, ko a rage masa tsayuwa, ko a matsar da shi gaba ɗaya, ko da hakan zai rage wutar da zai bayar. Titin jirgin Kochi, mai tsawon mita 3,400, ya miƙe ne daga gabas zuwa yamma, wato matuƙa suna sauka suna fuskantar ɓangarorin da rana ke fitowa da faɗuwa, daidai inda ƙyalli ya fi yawo. Shekaru sun shuɗe jirage suna sauka a gefen dubban farantai lafiya lau.

Kada a ɗauka wannan abu ne mai sauƙi. A 2012, a filin jirgin Manchester-Boston da ke jihar New Hampshire ta Amurka, an kafa farantai a rufin benen ajiye motoci da tallafin gwamnatin tarayya. Sai ga shi kowace safiya, na kimanin minti 45, ƙyalli yana cika hasumiya har ma'aikata ba sa ganin jirage da kyau. Dole aka lulluɓe wani sashe da tamfol, daga baya aka sake wa farantan fuska. Bayan wannan ne hukumar jiragen saman ƙasar, FAA, ta fitar da ƙa'ida a 2013 cewa sai an yi lissafin ƙyalli kafin a kafa sola a filin jirgi, da manhajar da cibiyar binciken gwamnati ta Sandia ta ƙirƙira. Ko a 2025, a babban filin Schiphol na Amsterdam, sai da aka riƙa rufe wani titin sauka na 'yan sa'o'i da hantsi a ranakun da rana ta fito, saboda wata gonar sola da ke maƙwabtaka, har magana ta kai kotu. Bayan ƙyalli akwai kuma nisan da dole a bari tsakanin ƙarafan gonar da na'urorin da ke yi wa jirgi jagora da siginar rediyo, da iyakar tsayin duk abin da za a kafa kusa da titi. Mai zana gonar sola a filin jirgi sai ya san aikin lantarki, ya san tafiyar rana, ya kuma san abin da matuƙi ke gani ta tagarsa.

Saura tambayar da kowa ke yi: da dare fa? Jiragen Dubai da Doha da sauran biranen Larabawa da yawansu cikin dare ko da asuba suke sauka a Kochi, lokacin da faranti ba ya ba da ko ɗigon wuta. Mutum zai zaci akwai wani katafaren ɗaki cike da batura. Babu. A 2015 batirin da zai riƙe filin jirgi dare guda tsadarsa za ta rusa lissafin gaba ɗaya. Abin da suka yi shi ne yarjejeniya da hukumar lantarkin jihar, KSEB. Da rana gonar tana samar da wuta fiye da yadda filin ke buƙata a lokacin, sai rarar ta bi waya ta shiga babban layin jiha, gidaje da shaguna da masana'antu su yi amfani da ita nan take. Da dare filin ya janyo daga layin. Mita mai ƙirga shiga da fita tana rubuta komai. Kamar manomi ne da ya kai wa maƙwabcinsa mai babban rumbu hatsi da kaka, aka auna da tiya aka rubuta, ya riƙa karɓa da bazara: ba ƙwayar da ya kai ce ke dawo masa ba, amma awon bai ragu ba. A 2015 gonar tana ba da yunit 50,000 zuwa 60,000 a rana, filin yana cin 48,000, saboda haka a ƙarshen lissafi filin ne ke bin layin bashi.

A nan ne na ga taimakon gwamnati mafi amfani a duk labarin, kuma taimako ne da ba a yanka masa kirtani. Hukumar lantarki ta gwamnatin jiha ce. In da ta ƙi karɓar wutar rana, ko ta karɓa a farashin wulaƙanci ta sayar da dare da tsada, da farantan nan 46,150 ba su biya kuɗin kansu ba. Izinin ajiyar wuta a layi, da layin da za a iya dogara da shi, sun fi duk wani tallafin kuɗi da za a ba da sau ɗaya a manta. A sama da wannan kuma akwai shirin sola na ƙasa da gwamnatin Indiya ta ƙaddamar a 2010, da burin gigawat 20, wanda ta ɗaga zuwa gigawat 100 a 2015. Shirin ya jawo kamfanoni da masu sana'a cikin harkar, farashin farantai kuma yana ta sauka a kasuwar duniya, har aka kai lokacin da lissafi irin na Kochi zai iya fita.

Gaskiya ta wajaba a faɗe ta cikakkiya. Wutar da filin ke ja da dare ta layin jiha ce, wadda wani kasonta daga madatsun ruwa yake, wani kuma daga tashoshin kwal na wasu jihohi. Janaretocin ko-ta-kwana suna nan daram, domin ba mai hankalin da zai bar fitilun titin jirgi ba madadi. Sannan mafi yawan hayaƙin da sufurin sama ke fitarwa, wanda ya kai kimanin kashi 2 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki, daga injinan jirage yake fita, ba daga gine-ginen ƙasa ba. Kochi ba ta warware wannan ba. Abin da ke hannunta ta gyara, kuma kamfanin ya ƙiyasta cewa gonar farko kaɗai za ta hana fitar tan 300,000 na kabon cikin shekara 25. Wanda ya gyara nasa sashen da kyau ya cancanci yabo a kan nasa sashen.

Kafa faranti aikin 'yan watanni ne, kula da shi aikin shekara 25. Wannan ɓangaren ne ba ya shiga labarai, kuma shi ne ya fi burge ni. Farantai a jere ake haɗa su, wutar ɗaya ta bi ta cikin na gaba, saboda haka kashin tsuntsu ɗaya, ko ganyen da ya manne, ko inuwar ciyawar da ta yi tsawo, na iya rage ƙarfin jerin gaba ɗaya. Wurin da aka rufe kuma yakan yi zafi har ya ƙona farantin a hankali. Masu kula sukan bi layi da kyamarar da ke ganin zafi, su gano faranti mai ciwo tun ido bai gan shi ba. Suna duba inbatocin da ke juya wutar faranti zuwa irin wadda injina ke amfani da ita, suna kwatanta abin da wannan jeri ya bayar da na maƙwabcinsa. In an ga bambanci, akwai dalili, sai an nemo shi. Wanki ma da ƙa'idarsa. Da sassafe ake yi ko da yamma, domin ruwan sanyi a kan gilashin da rana ta gasa na iya tsaga shi. Ba a sa ruwa mai gishiri ko kanwa, don yana barin fari-fari, ba a kuma goga da abu mai kaushi.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: faranti haske yake so, zafi kuwa cutar da shi yake yi. Da zarar jikinsa ya wuce digiri 25 a ma'aunin Selshiyos, kowane ƙarin digiri yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa, kuma da tsakar rana jikin faranti kan haura digiri 60. Ma'aikatan Kochi suna da matsala uku a gabansu: ciyawa mai tashi da sauri a ƙasa mai dausayi, ruwan wanki da ke zuba a banza, da zafi. Sai suka ɗaure ukun da igiya ɗaya, suka mayar da tsakanin layukan farantai lambu. Ruwan da ya wanke gilashi ya gangara ya shayar da shuka. Shukar ta danne ciyawa, ta riƙe ƙura da ƙasa, danshinta ya sanyaya iskar da ke ƙarƙashin farantai, wuta ta ƙaru. Farantan su ma suna yi wa shuka inuwa, ƙasa ba ta saurin bushewa. Zuwa 2021 lambun ya kai eka 20, ana noma doya, dogon wake, kubewa, kabewa, citta, gangamau, kabeji, barkono, har da zogale, ba tare da maganin feshi mai guba ba, ana sayarwa. Duk wanda ya taɓa noman rani zai gane hankalin da ke cikin wannan: ba a bar ruwa ya yi aiki ɗaya ya tafi ba.

Noma a filin jirgi kuwa ba abin wasa ba ne, saboda tsuntsaye. Garken dinya ne ya kashe injina biyu na jirgin da ya sauka a kogin Hudson na birnin New York a Janairun 2009. Shi ya sa masana tsaron jirage ke hana shuka hatsi kusa da titin sauka, tun da gero da dawa da shinkafa gayyatar tsuntsu ne. In aka duba jerin amfanin lambun Kochi za a ga yawancinsa saiwa ne da ganye da kayan miya, marasa tsayin da zai yi wa gilashi inuwa, wanda ke da tsayi kuma a riƙa sare shi. Zaɓen iri a irin wannan wuri sai an haɗa shawarar malamin gona da ta mai korar tsuntsaye.

A watan Agusta 2018 aka gwada su gwaji mai tsanani. Kerala ta ga ambaliyar da ba ta ga irinta ba cikin kusan shekara 100, kogin Periyar ya tumbatsa, ruwa ya shafe titin jirgi, ya rusa wani sashe na katanga, ya shiga gonar sola ya lalata farantai masu yawa. An rufe filin daga 15 ga wata, ma'aikata suka duƙufa kwashe laka da gyaran wayoyi, aka sake buɗewa ranar 29. A watan da ya biyo baya Majalisar Ɗinkin Duniya ta miƙa wa kamfanin babbar lambar yabonta ta kare muhalli. A Agustan 2019 ruwa ya sake rufe filin na 'yan kwanaki, sai suka koma kan magudanan ruwa da rafukan da ke kewaye, suna yashewa suna faɗaɗawa, suna gina gadoji, abin da ya amfani ƙauyukan maƙwabta su ma.

Filin ya girma, an buɗe sabon zauren jiragen ƙasashen waje a 2017, cin wuta ya ninka, su kuma ba su bari lissafin ya karye ba. Suka yi wa wurin ajiye motoci rumfa da farantai, mota ta samu inuwa, filin ya samu wuta. Suka ɗora wasu a kan tafkunan filin wasan golf na kamfanin, suna yawo a bisa ruwa, ruwan yana sanyaya su. A Payyannur, can arewacin jihar, suka kafa wata gonar mai megawat 12 a 2022 a kan tudu, ba su baje ƙasar da katafila ba, sai suka sa layukan suka bi hawa da gangaren wurin yadda Allah ya yi shi, ta zauna a eka 35 maimakon 45. A Nuwamban 2021 kuma suka buɗe ƙaramar tashar lantarki ta ruwa mai megawat 4.5 a Arippara, irin wadda ke amfani da gudun kogi ba tare da babban dam ba. Dubi dacewar: watannin da girgije ke rage wa faranti ƙarfi su ne watannin da kogi ke cika. Zuwa 2022 jimillar solar kamfanin ta kai megawat 50, tana ba da kimanin yunit 200,000 a rana, filin yana cin kusan 160,000.

Sauran filayen Indiya sun bi sahu bayan ma'aikatar sufurin sama ta umarce su da su koma wa wuta mai tsafta. Na Delhi ya koma kan sola da wutar ruwa a 2022, kuma zuwa ƙarshen 2023 filaye fiye da 60 a ƙasar sun yi haka. A Afirka, filin George na Afirka ta Kudu ne ya fara a 2016 da kilowat 750. Akwai kuma wata dabara da ICAO ta kawo Mombasa ta Kenya a 2018 da Duwala ta Kamaru a 2019 da kuɗin Tarayyar Turai, wadda ta taɓa hayaƙin jirgin kansa. Jirgin da ke tsaye yana lodin fasinja yakan bar wani ƙaramin inji a wutsiyarsa yana aiki, yana ƙona mai don fitilu da sanyi. Idan aka jawo masa waya da bututun iska mai sanyi daga ƙasa, da wutar sola, sai matuƙi ya kashe injin, mai ya ragu, ma'aikatan ƙasa su huta da ƙara da hayaƙi.

Wani taimakon da gwamnatin Kerala ta yi, wanda ba ya cikin kasafin kuɗi, shi ne barin gwanaye a kan aikinsu. Mulkin jihar ya daɗe yana sauya hannu tsakanin ƙawancen jam'iyyar Kwangires da na 'yan gurguzu. Oommen Chandy na ɓangare ɗaya ne ya buɗe gonar farko, Pinarayi Vijayan na ɗaya ɓangaren ya buɗe ta Payyannur. Kurian ya riƙe kamfanin kusan shekara 20 a lokuta daban-daban kafin ya sauka a 2021. Sanin da ake tarawa daga karanta mita shekara da shekaru yana zaune ne a kawunan mutane, in aka riƙa kwashe su duk bayan zaɓe, da shi suke tafiya.

Kochi tana kan layin digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, kusan daidai da Kaduna, Kano kuma tana kan 12. Ranar da ke dukan Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai ta fi ta Kerala yawan kwanakin haske nesa ba kusa ba. Filayen jiragenmu suna da sarari da katanga, suna kuma shan dizal mai yawa. Amma wanda zai kwaikwayi Kochi a nan sai ya yi nasa lissafin, domin abu biyu sun bambanta. Na farko ƙurar hunturu, mai kwanciya a kan gilashi cikin kwana kaɗan, a lokacin da ruwan wanki ya fi ƙaranci. Tsarin wanki da lambun da zai sha ruwan dole su shiga zane tun ranar farko. Na biyu ya fi nauyi. Inbatar da aka haɗa da babban layi takan kashe kanta da zarar layin ya ɗauke, don kada ta kama ma'aikacin da ke gyara waya. Inda layi ke yawan faɗuwa, ajiyar wuta irin ta Kerala ba za ta yi aiki ita kaɗai ba, sai an haɗa da batir da janareta. Batir ya yi araha sosai in aka kwatanta da 2015, kuma an riga an gwada irin wannan haɗin a gida: tashar sola mai megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero ta Kano a 2019 haka aka tsara ta. A Janairun 2023 an buɗe wata mai megawat 10 a Kumbotso, a shekarar kuma Nijar ta kunna ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohin Najeriya ikon tsara kasuwar wutarsu.

Saboda haka kira na ga Hukumar Filayen Jiragen Sama ta Tarayya, FAAN, da gwamnonin da ke da filaye a jihohinsu: a fara da rufi ɗaya a Filin Jirgin Saman Malam Aminu Kano, a damƙa shi ga matasan injiniyoyinmu, a ba su kuɗin wanki da gyara a kasafin kowace shekara, a bar su su karanta mita tun daga hazon Disamba har marka ta Agusta, a kuma buga sakamakon kowa ya gani kafin a sa hannu a babbar kwangila.